Hattara da mai tallar HX Stomp na hannu a Facebook, ya ci mini naira 570,000

'Yan'uwa masu kaɗa jita, musamman na coci da na sutudiyo a Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano, akwai wani da ke tallar na'urorin kwaikwayon amfilifaya na hannu a Facebook, yana jan mutum zuwa WhatsApp. Ɗan damfara ne. Naira 520,000 na tura masa a kan Line 6 HX Stomp, da 15,000 kuɗin mota daga Legas, sai wata 35,000 da har yanzu in na tuna zuciyata ke tafasa. Jimla 570,000.

Kada wani ya ce ban san kaya ba. Tambaya ɗaya ce ta sa na saki jiki da shi. Ya ce, "Malam, miksa za ka shiga kai tsaye, ko ta amfilifayar jita?" Wanda bai taɓa riƙe irin wannan na'ura ba, ba zai yi wannan tambaya ba. In miksa za ka shiga, dole ka sa Cab ko IR (kwaikwayon lasifika) bayan Amp (kwaikwayon amfilifaya), in ba haka ba sautin zai fito kamar ƙudan zuma a gwangwani. In kuwa amfilifayar jita ce, sai ka cire Cab ɗin ka shiga ta ramin Return na amfilifayar, don kada lasifika ta hau kan lasifika sautin ya shaƙe. Duk ya san wannan. Ya ma san cewa da fari akwatuna 6 (irin su Amp da Cab) na'urar ke ɗauka a firiset ɗaya, wato ajiyayyen saitin sauti, sai da manhaja ta 3.0 ta fito suka koma 8. To wa zai ji wannan ya yi zargi? Miksa ko amfilifaya. Wallahi wannan tambaya ce ta ci ni.

Da kaya suka iso tasha, adaftar na fara gani. Ta asali 9V ce, 3A, nagatif a tsakiya. Wadda ya saka a kwalin 500mA ce, irin ta ƙananan fedal, an yanke kanta an haɗa wani an naɗe da baƙin salatif. Na'urar ta kunnu, ta mutu, ta sake kunnuwa, haka ta yi ta yi saboda wutar ba ta ishe ta ba. Ya ce yaron shagonsa ne ya yi kuskure. Na sayi adafta ta ƙwarai da kuɗina, ban ma sa ta a lissafin 570,000 ba.

A'a, kafin wannan ma akwai bidiyon. Tun ban tura ko kwabo ba ya aiko mini bidiyo, sauti tas. Sai daga baya da na sake kallo, na kalla ya fi sau ashirin, na ga bai taɓa juya ƙasan na'urar ba, kuma cikin matakai 3 na ƙafa, wato maɓallan da ake takawa, bai taka na tsakiya ba ko sau ɗaya. Na tsakiyan a mace yake. A ƙasa kuma an ɓare takardar lambar siriyal, wadda da ita ake rajista a shafin kamfanin, sai danƙon gam ya rage. Kawunan kusoshin duk sukundireba ta cinye su.

Da wuta ta daidaita sai ƙara ta bayyana, ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara, ga gurnani a ƙarƙashi. A nan ya nuna gwanintarsa. Ya ce in duba Global Settings, wataƙila fitar sautin na kan Line alhali ina shiga ramin makirfo na miksa. Ya ce in kunna Gate (mai toshe ƙara in ba a kaɗawa) a akwatin Input, in rage Drive (mai kaurara sauti), in sa High Cut wajen 6kHz zuwa 7kHz, Low Cut wajen 80Hz zuwa 100Hz. Ya ce in cire wayar USB daga kwamfuta ko wutar ƙasa ce ke zagaye, in gwada da inbata maimakon janareto. Ku lura, ba ƙarya ko ɗaya a cikin waɗannan. Su ne ainihin maganin yawancin ƙorafin da ake yi a kan irin waɗannan na'urori, ni ma su nake gaya wa mutane. Da gaskiya ya rufe ƙaryarsa, kwana tara yana juya ni, kuma ƙarar na ƙaruwa in an ƙara Drive, sai ta yi kama da matsalar saiti.

Sannan ya ce yana da firiset na musamman da za su share ƙarar, 35,000. Na tura. Eh, na tura, domin mutumin da ya san a tambayi miksa ko amfilifaya ne ke magana. Da na zo loda su ta HX Edit, manhajar na'urar ta kwamfuta, kwamfuta ba ta ga na'urar ba sam. Waya uku na canja, kwamfuta biyu. Ramin USB ɗin ma a mace yake. Muka buɗe fayilolin a na'urar wani abokin aiki, ashe firiset ɗin da ke zuwa da na'urar daga kamfani ne, suna kawai ya sauya musu. 35,000 a kan abin da ke cikinta tun asali.

Gwajin da ya tona asirin bai kai minti biyar ba. Ka buɗe firiset da babu komai a ciki, ba Amp ba Cab. Ka mayar da maɓallin ƙarar jita sifili. In gurnanin ya ɗauke, daga jitar ne ko fitilun ɗakin, musamman in fikof ɗinka (abin da ke ɗauko sautin tsirkiya a jikin jita) mai naɗi ɗaya ne. In bai ɗauke ba, ka zare wayar jita gaba ɗaya ka saurara ta hedifon, sannan ta ramin L/Mono, sannan ta R. Tawa hedifon shiru, R shiru, L/Mono na ta ƙas-ƙas, in ka ɗan motsa kan wayar sautin ya yanke. Babu saitin da ke gyara wannan. Mai gyara ya buɗe, ga tsohuwar dalma an lafta a ƙafafun ramin, ga tsatsa kore-kore kusa da USB, alamar ruwa ya taɓa shiga.

Na aika masa hoton. Ya karanta, ya toshe ni. Tallar kuma tana nan, ya sauya hoto da sunan shafi.

Hotunan hirarmu da rasit uku na banki da bidiyon duk suna hannuna, zan ɗora su da na gama rufe lambobina. Kada ku biya sai kun taɓa da hannunku, ko wani naku ya taɓa. A nuna siriyal, a taka kowane mataki, a haɗa da HX Edit a gabanku, a yi gwajin firiset marar komai. In ya ƙi, ku bar masa kayansa. Duk wanda wannan mutumin ya taɓa yi wa haka ya yi mini magana, ina haɗa takardun kai ƙara.