Ƙwaƙwalwar jirgin yaƙi: ta Faransa, ta Amurka ko ta gida?

Mutanenmu na Jidda sukan yi musu a majalisa kan jirgin da ya fi girma a sansanin sojin ruwa na Sarki Faisal. Mai saye kuwa ɗakin umarni yake fara leƙawa, inda manhaja ke tattara abin da na'urar rada ta hango, ta zuba wa kwamanda a allo, ta kuma isar wa sauran jirage na ruwa da na sama.

Saudiyya ta taɓa iri uku na wannan tsarin umarni. Na Faransa shi ne tsohon hannu, yana kan jiragen yaƙi samfurin Al Madina na shekarun 1980 da samfurin Al Riyad. Sai dai an ƙera shi ne da tunanin manyan abokan gaba. A Janairun 2017 kwale-kwale mara matuƙi mai bama-bamai ya afka wa jirgin Al Madina a kusa da Hudaida ta Yemen. Duk mai saye yau ya tambaya ko tsarin yana ganin ƙaramin abu mara matuƙi.

Na Amurka shi ne COMBATSS-21, wanda aka tsago daga Aegis, tsarin manyan jiragen yaƙin Amurka, yana zuwa kan jirage huɗu na kamfanin Lockheed Martin. Amfaninsa a aikin haɗin gwiwa yake. Rundunar ƙawancen da ke Baharen, wadda ta kafa rukunin sintiri na CTF 153 a 2022 don Bahar Maliya da Babul Mandab, Amurka ce jagorarta, kuma musayar bayanai da ita ta hanyar Link 16, layin sadarwar soja na sirri, tana zuwa da sauƙi. Amma mabuɗan sirrin suna hannun Washinton. Kamar gidan haya ne, ba ka fasa bango sai mai gida ya yarda.

Na uku shi ne HAZEM, kan jirage biyar da aka ba kamfanin Navantia na Sifaniya kwangilarsu a 2018. An gina shi a kan CATIZ, tsarin Navantia, tare da SAMI, kamfanin makamai na Saudiyya, daidai da burin Saudiyya na 2030 na kashe rabin kuɗin makamai a cikin gida. Yaro ne, bai sha gwagwarmaya kamar Aegis ba, amma injiniyan ƙasa yana iya buɗe shi ya gyara.

Ni dai, ga ƙasa mai gaɓa biyu, ta Jidda a yamma da ta Jubail a gabas, na ukun nan zan ɗauka, da sharaɗi a rubuce: wa ke da manhajar, wa zai horar da ma'aikata, kuma a gwada shi da jiragen ƙawaye a teku kafin a biya kason ƙarshe.