Kuɗi a hannu ko rancen noma?

Muradun ci gaba 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun sa kawar da talauci a gaba, wa'adi 2030. A Kebbi mun ga hanyoyi biyu.

Tallafin gwamnati na naira 5,000 duk wata ya kai ga zawarawa da tsofaffi, ya sayi hatsi da maganin zazzaɓi, amma tsada ta cinye shi.

Rancen Babban Banki ga manoman shinkafa, wanda Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya fi burge ni. Taki da iri sun isa fadamun Argungu da Suru, matasa suka samu aiki. Sai dai mai gona kaɗai ya amfana kai tsaye, kuma da ambaliyar 2020 ta shafe gonaki, bashin na nan a wuyan manomi.