Tsohuwar bindiga mai baki biyu ta Faransa: Darne, Robust ko Idéal, wacce za ka saya?

Wani ƙanina da ke Liyon ya samu parmin farauta bana, sai ya bugo min waya wai Yaya don Allah wace bindiga zan saya, kuɗina ba yawa kuma tsohuwa nake so irin ta da mai baki biyu a jere, ba irin na yanzu da ake ɗora baki ɗaya kan ɗaya ba. Mun fi awa muna magana har cajin wayata ya ƙare, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya ko wani ma ya amfana.

Kusan duk tsohuwar bindigar farauta ta Faransa da za ka ci karo da ita daga gari ɗaya ta fito, Saint-Étienne, kamar kilomita 60 daga Liyon. Garin maƙera ne tun fil azal, har lokacin juyin juya hali sai da aka canza masa suna zuwa Armeville, wato garin makamai. Mu 'yan Nijar mun san kayan garin tun kafin mu san sunansa, domin kasidar kayan Manufrance, wani babban kamfani na garin, ta zaga ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, kuma Simplex ɗin nan mai baki ɗaya da tsofaffin maharba ke ji da ita tasu ce. Kawuna a Damagaram yana da ita, da ita yake harbo zabi da fakara, ina yaro ni ke riƙe masa jakar kartushi.

In faɗi gaskiya tun farko, ni Darne nake so, ba zan ɓoye ba.

Régis Darne ya kafa masana'antarsa a 1881 a nan Saint-Étienne, kuma abin da ya ƙera bai yi kama da na kowa ba. Sauran bindigogi masu baki biyu karya su ake yi, ka tura ɗan ƙarfen sama gefe, bututun ya sunkuya ƙasa ka zuba harsashi. Darne ba a karya ta. Bututun a kafe suke daram, a baya akwai wani ƙarfe mai kunnuwa biyu da Faransawa ke ce wa makulli, ka kama shi da yatsa biyu ka ɗaga ka ja baya, sai duk gindin ƙarfen ya sulale baya a kan hanyarsa kamar aljihun tebur, ya jawo kwankon harsashin da ka harba, ka ɗan karkata bindigar su zube ƙasa. Ka saka sabbi ka tura gaba, ƙas, ta rufe. Ranar da na fara jin wannan ƙarar a hannuna na san ba zan sake kallon wata da irin wannan idon ba. Kuma ba daɗin kunne kaɗai ba ne, bindigar da ake karyawa a kan mahaɗa ɗaya take juyawa, shekara hamsin ana buɗewa ana rufewa dole wurin ya ci ta fara girgiɗi, ita kuwa wannan ba ta da wannan mahaɗar balle ta ci. Ga rashin nauyi, tawa mai kalibar 16 (kaliba ita ce lambar girman bakin bindiga) ba ta kai kilo uku ba, ka yini kana hawa tudu kana sauka da ita kafaɗarka ba ta sani ba, in tsuntsu ya tashi kuwa kafin ka gama tunani ta riga ta hau kafaɗa.

Iri biyu za ka fi gani, R mai ƙaramin makulli da V mai babban makulli. R ita ce ta masu ƙaramin ƙarfi irinmu, tana farawa daga R10 tana hawa, V kuwa daga 19 zuwa 22, waɗannan sai masu hannu da shuni. Darajar kowacce tana ƙarƙashin bututun, akwai wasu 'yan hatimai zagaye masu sunan Darne, iya yawansu iya darajarta. Akwai kuma Halifax, ita ma daga gidan take amma mai sauƙin kuɗi ce ba ado sosai, in ka samu mai lafiya kar ka raina ta, aikin ɗaya ne.

Tana da nata halin, ba zan ce babu ba. Saboda rashin nauyi tana shuri, in ka cika mata harsashi mai nauyi kafaɗarka za ta gaya maka da dare. Ƙotar kuma wani dogon sukuru ne ya ratsa ta ya riƙe, ba kowane mai gyara ke iya lanƙwasa ta ko canza ta ba, don haka ka gwada a kafaɗarka kafin ka biya, in ba ta zauna maka ba ka haƙura ka nemi wata. Cire bututun ma sai an nuna maka, akwai dabara. Riƙe wannan maganar ta cire bututu, zan dawo kanta, nan aka cuce ni.

Robust ta Manufrance, wadda ta fito a 1913, ita ce jakin aiki. An ƙera ta da yawan gaske har zuwa lokacin da kamfanin ya durƙushe a shekarun 1980, kusan kowane ƙauyen Faransa akwai ta a bayan ƙofa, shi ya sa take da araha kuma kayan gyaranta ba wuya, kowane mai gyaran bindiga ya san cikinta. Wasu suna da maratayi da ke naɗe kansa ya shige cikin ƙota, abu ne mai kyau in zaren ƙarfen cikin bai mutu ba. In kuɗinka kaɗan ne kuma nama kawai kake so a tukunya, sayi Robust ka huta, ba za ta ba ka kunya ba. Amma ba za ka zauna da dare kana shafa ta kana kallo ba.

Idéal kuwa, ita ma ta Manufrance, tun ƙarshen shekarun 1880, masu tara kayan tarihi na mutuwar sonta, ana buɗe ta da wani ɗan ƙarfe a bayan kunama. Kyakkyawa ce, amma mai kyan ta yi tsada, mai arahar kuma ta gaji. Verney-Carron tun 1820 suke, kayansu ba laifi, sai dai kalmar Hélice da za ka gani a jikin ƙarfen buɗe bindiga ba su kaɗai ke rubuta ta ba, kar ka ɗauka duk mai Hélice tasu ce. Charlin ma gindinta sulalewa yake irin na Darne, santsi kamar mai, amma in wani abu ya karye a ciki sai ka sha yawo. Manyan sunayen Faris irin su Gastinne-Renette da Fauré Le Page ba na aljihunmu ba ne, mu wuce.

To yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Shekarun baya na je wata kasuwar tsofaffin makamai da ake ci a wani zaure a ƙauye, na ga bindiga mai gindi mai sulalewa a kan tebur, ƙotar na sheƙi, an zana mata ganye da tsuntsaye. Mai ita dattijo ne mai fara'a, ya ce Darne ce ta mahaifinsa. Na duba makullin ban ga suna ba, ya ce ai hannu ne ya cinye rubutun. Na ce a cire bututun in ga hatimi, ya ce kai wannan sai da kayan aiki, kuma ga mutum can ya ce zai dawo da kuɗi bayan ya ci abinci. Na leƙa cikin bututun ta hasken taga, fes kamar madubi. Na biya. Sati biyu bayan nan na kai ta wurin wani tsohon mai gyara, cikin daƙiƙa kaɗan ya zare bututun da hannunsa ba wani kayan aiki, ya juya su ya ajiye a kan tsumma, babu hatimin Darne ko ɗaya. Wannan ma da sauƙi, don akwai maƙera da yawa a garin da suka yi irin wannan tsarin kuma wasu aikinsu mai kyau ne. Sai ya zura ma'auni ciki. A jiki an buga faɗin cikin bututun milimita 17,0, ma'auninsa ya nuna kusan 17,5. Ashe tsatsa ce ta cinye cikin aka goge ta da inji har ƙarfen ya yi siriri, wannan sheƙin da ya ruɗe ni shi ne cutar. An buga tsawon gidan harsashi milimita 65 amma an ƙwaƙule shi ya kai 70 ba a mayar da ita gidan gwaji ba, wato inda ake gwada ƙarfin bindiga a buga mata hatimi. Ya dube ni ya ce rataye ta a bango, in kana son yatsun hannunka na hagu kar ka harba. Kyan ɗan maciji ke nan. Har yau in na tuna hannuna ne zai kasance daidai wurin da ƙarfen ya fi siriri, sai gabana ya faɗi.

Don haka ko wace iri ka zaɓa, sai an cire bututun ka ga ƙarƙashinsu da idonka. Wanda ya ƙi cirewa, ko me ya ce, ka yi masa sallama. A nan ne gidan gwajin Saint-Étienne, wanda yake tun 1782, ke buga hatiminsa, ganyen dabino biyu a gicciye da kambi da sunan garin. In ka ga an buga shi sau biyu ko uku, an gwada ta da ƙarfi fiye da na kullum. Nemi haruffan PT, ma'anarsu an gwada ta da albarushi marar hayaƙi irin wanda aka fara aiki da shi daga 1900. In babu PT, ko ka ga jikin bututun da zane a murɗe kamar igiyar rijiya, wato damas, ka ɗauke ta tamkar ta zamanin baƙin albarushi, ta kallo ce, kar wani ya ce maka ai kakansa ya harba harsashin zamani da ita lafiya lau.

Sai lambobi. 18,4 ko kusa da haka faɗin cikin kalibar 12 ne, 17,0 na kalibar 16. Ɗayar lambar, 65 ko 70, tsawon gidan harsashi ne a milimita, in ka ga 6,5 a santimita aka rubuta kuma alamar ta tsufa sosai ce. Nan mutane ke halaka kansu ba su sani ba, saboda tsawon da aka rubuta a kwalin kartushi tsawonsa ne bayan ya fashe ya buɗe baki, don haka na 70 zai shige gidan 65 sumul bindiga ta rufe kamar ba komai, sai an harba bakin kwankon ya rasa wurin buɗewa matsi ya ƙaru a cikin ƙarfen da ya shekara tamanin ko ɗari. Yawancin tsofaffin nan 65 ne. Akwai harsashin 65 da 67 a kasuwa, shi za ka nema, kuma ka tambayi shagon unguwarku ko suna kawo kalibar 16 kafin ka saya, don ba ko'ina ake samu ba kamar 12. Harsashin ƙarfe da ake harbawa a wuraren ruwa, inda doka ta hana na dalma, kuwa ba da shi aka gwada waɗannan ba, in agwagwa kake nufi nemi wata bindigar daban.

'Yan damfara dabarunsu ba sa ƙarewa. Akwai mai kawo ta Beljiyam ya ce ta Faransa ce don an rubuta Faransanci a jiki, alhali mutanen Liège, garin maƙeran bindiga na Beljiyam, su ma Faransanci suke yi, duba za ka ga ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Ba wai ta Beljiyam ba ta da kyau ba ne, amma wanda ya yi maka ƙarya a asali zai yi maka a sauran. Akwai rubuce-rubucen talla da maƙera ke cikawa a jikin bututu, acier kaza, choke rectifié, zanen lambobin yabo, duk ba sunan maƙeri ba ne kuma ba hatimin gwaji ba ne, bindigogi da yawa na garin ma ba su da sunan kowa. Akwai Francisque Darne, ɗan Régis ne amma masana'antarsa daban, kayan gyaransu ba sa shiga juna, sai dillali ya ce maka Darne kawai ya yi shiru. Akwai masu sake baƙanta ƙarfe su shafe ƙota da mai sheƙi don tsagewar wuya ta ɓuya, ka kai ta haske ka bi wuyan ƙotar da farce. Lambar da ke jikin bututu da ta gindi su zama ɗaya, in sun bambanta an yi haɗe-haɗe.

Gwaji biyu da ba sa buƙatar ma'auni: rataya bututun a yatsa ka ƙwanƙwasa da bayan farce ko ɗan katako, lafiyayye zai yi ƙara kamar ƙararrawa, in ka ji dum kamar tulun da ya tsage to dalmar da ta riƙe ƙarfen tsakiya ta saki. In kuma irin wadda ake karyawa ce kamar Robust, cire katakon gaba ka riƙe ƙotar ka girgiza, kar ka ji motsi ko kaɗan. Sannan ka shafa bayan bututun da tafin hannu a hankali daga gindi zuwa baki, kumburi ko lotsawa hannu ya fi ido gani. Amma kaurin ƙarfe sai mai ma'auni, ka ce da mai sayarwa ku haɗu a shagon mai gyara, dama a Faransa tun 2018 ciniki tsakanin mutum da mutum sai ya bi ta hannun mai shagon makamai ko dillali mai izini, da parminka da rajista. Duk wanda ya ce ku gama a bayan mota ba takarda, ba arha yake maka ba, kurkuku yake nema maka. Haka a gida, ko ta gado ce ka nemi takardar hukuma, kuma kar ka yi tunanin saka ta a kaya ka hau jirgi.

Ƙanin nawa dai ya samo wata R mai kalibar 16 a wajen Saint-Étienne, ya turo min hotuna goma sha biyu duk na zane da ƙota, ko ɗaya babu na ƙarƙashin bututu. Na ce ya gaya wa mai ita ranar Asabar za mu zo, kuma a shagon tsohon nan za a buɗe ta.