Shagon da ya ƙi ba ni rigakafin Gumboro a leda

Ranar farko da na shiga wannan shagon na magungunan dabbobi a nan Zariya, da kuɗina a hannu na fito ba tare da na sayi komai ba, raina a ɓace. Rigakafin Gumboro, wani ciwo da ke kashe 'yan tsaki, na je saye. Yaron shagon ya dubi hannuna ya ce, "Hajiya, ina fulas ɗinki?" Na ce wane irin fulas, shayi na zo sha? Ya ce Likitan dabbobin shagon ya hana su ba da rigakafi a leda, ko in koma gida in ɗauko abin da zai riƙe sanyi, ko in sayi 'yar kularsu. Na ce a raina wayon sayar da kula ne kawai. Duk da haka na koma na ɗauko fulas ɗin shayin maigidan, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Bara ne macijin ya sare ni. 'Yan tsakin ƙwai 300 na zuba a bayan gida. Suna kwana 26 na shiga da asuba na tarar sun cure a lungu, gashi a tashe, fukafukai a sake, ga farin zawo kamar an watsa ruwan alli, wasu suna saran duburarsu. Cikin kwana biyar na kwashe gawa 84, sai mutuwar ta tsaya kamar an ɗauke ruwan sama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi musu rigakafin. Amma a wani shago na saya, aka ƙulla mini shi a leda da fiya wata ɗaya mai ɗan sanyi-sanyi, na biya kasuwa na yi cefane, na zo na dama a ruwan famfo. Rabin laifin nawa ne, ban musa ba. Sai dai babu wanda ya ce mini uffan a can.

A nan kuwa, da na dawo da fulas, yaron ya buɗe firji a gabana. Sola ce ke riƙe da shi, ko an ɗauke wuta bai san an yi ba, kuma akwai ma'aunin sanyi rataye a ciki. Ya nuna mini yana kan digiri 5, ya ce ƙa'ida tsakanin 2 ne da 8, ba a bari ya daskare, ba a bari ya ɗumama. Ya karanta mini ranar lalacewar maganin, ya naɗe kwalbar a leda, ya jera ƙanƙara, ya rufe. Suna ajiye rigakafin cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato, suna da na waje.

Amma Likitan ne ya sa nake wannan rubutu. Kafin ya bari a ba ni, sai da ya tsare ni da tambaya: kwanansu nawa, daga ina aka ƙyanƙyashe su, ciwon ya taɓa shiga ɗakin, wane ruwa nake ba su. Muna cikin haka wani bawan Allah ya shigo da matattun 'yan tsaki uku a buhu. Likita ya sa safar hannu ya farka ɗaya da almakashi, ya ce in matso. Can saman dubura daga ciki akwai wata 'yar jaka, ta kumbura ta kai gurjiya, ta yi ja-ja-ja, ga ɗigo-ɗigon jini a naman cinya da ƙirji. Ya ce, "Hajiya, kin ga gidan sojojin kaza ke nan. Nan ciwon yake sauka. Wadda ta tsira ma ta zama gari ba ganuwa, ko Lasota, rigakafin ciwon Newcastle, kika ba ta ba lallai ya kama ba." Nan na gane dalilin da ya sa ragowar kajina na bara suka yi ta laulayi har suka fara ƙwai.

Na tambaye shi ko daga Gamborun Ngala ciwon ya fito. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wani ɗan gari ne a jihar Delaware ta Amurka, can aka fara bayyana shi a 1962.

Ya kuma warware mini abin da ban taɓa ji ba, cewa ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da garkuwar da ya gada wajen uwa. In an yi gaggawar ba shi rigakafi, garkuwar nan ce za ta kashe maganin, in an yi jinkiri kuma ciwon ya riga ka. Shi ya sa ake yi sau biyu. Ya rubuta mini kwana 12 da kwana 21, ya ce kada in ba wata ta kwafa, don ya danganta da inda 'yan tsakin suka fito. A bayan takardar ya ƙara da hannunsa: a janye musu ruwa kamar awa biyu, a yi da sanyin safiya, ruwan rijiya ko na burtsatse ban da na famfo mai kulorin, a zuba 'yar madarar gari marar maiƙo, mazubi na roba wanda ba sabulu a jikinsa, su shanye kafin awa biyu, ragowar a binne.

To, shagon ba ya rasa aibu. Sun fi kowa tsada a layin, kuma ba a taya musu. In ƙananan kwalabe suka ƙare, sai mai ɗaukar kaji 1,000 ta rage, ga shi da zarar an buɗe ba a ajiyewa, sai mai kaji 200 ta biya kuɗin na kaji dubu ta binne saura. Na ba su shawara su riƙa haɗa mu ƙananan masu kiwo a rana ɗaya mu raba, har yau shiru. Likitan ma daga azahar ba ka ganinsa, kuma yaran yamma ba kamar na safe ba ne. Da kunnena na ji ɗaya yana tallata wa wata mata garin maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta wai zai warkar da Gumboro, alhali ubangidansa ya faɗa mini ƙarara cewa bairos ne, irin ƙwayar da wannan magani ba ya kashewa, ba shi da magani, sai dai a tallafa da bitamin da ruwa da ɗumi. Saboda haka in za ki je, je ki da safe.

Kajina na bana suna mako tara, shida kaɗai na rasa, babu ko ɗaya da alamar ciwon. Ba zan jingina komai ga rigakafin ba, don Likita ya ce ƙwayar tana iya yin watanni a ɗaki, sai da ya sa na kwashe tsohon buntu kaf na ƙone, na wanke bango da daɓe da maganin feshi, na bar ɗakin ya sha iska mako uku, na kuma hana yara zirga-zirga a ciki. Fulas ɗin kuwa maigidan ya ce in riƙe, ya sayi sabo, wai ba zai sha shayi a bayan kaji ba.