Kwamfuta mai lamba bakwai ta haɗiye min CV, kuma har yau ina zuwa

Da a ranar da abin ya faru na rubuta wannan sharhin, tauraro ɗaya zan ba laburaren nan, shi ma don babu sifili ne. Yanzu wata uku ke nan, zuciya ta ɗan yi sanyi, sai dai duk lokacin da na tuna sai in ji wani abu ya tokare min a ƙirji.

Shekara 11 na yi ina kula da sito a wani kamfani. Kaya su shigo in ƙirga, kaya su fita in ƙirga, in sa hannu, in kulle. Da aka zo rage ma'aikata sunana na cikin jerin farko. Na yanke shawarar ba zan sake komawa tsayuwar wuni ba, gwiwoyina sun gaji, aikin ofis nake so, na lissafin kaya da tsara bayanai a kwamfuta. Matsalar ita ce ba ni da kwamfuta a gida, sai waya mai tsagaggen gilashi, kuma duk wanda ya taɓa cike fom ɗin neman aiki mai shafi shida a waya ya san azabar da ke ciki. Shi ya kai ni laburaren gwamnati. Katin shiga bai ba ni wahala ba, wurin yana da tsabta, intanet ɗin ba laifi. Wannan duk ba shi ne zancen ba.

Ranar wata Talata ce. Akwai gurbin aiki da na gani, irin wanda nake mafarki, kuma ƙarfe biyar na yamma za a rufe karɓar takardu. Na isa da wuri aka ba ni kwamfuta mai lamba bakwai, kusa da taga. Ƙa'idarsu awa ɗaya ce, idan babu mai jira a ƙara maka wata. Aka ƙara min. Na zauna na tsara CV tun daga tushe, saboda tsohon da nake da shi na takarda ne, har ya yi ja don tsufa. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Na kira tsohon shugabana a waya daga baranda don ya tuna min shekarar da aka ƙara min girma. Na haɗa wasiƙar neman aikin, wadda ita ta fi cin raina, don ban iya yabon kaina ba. Bayan kowane sakin layi ina adanawa, ina kallon fayil ɗin nan zaune a fuskar kwamfutar da sunana a jikinsa. Hankalina kwance.

Saura minti biyar wani ɗan akwati ya fito a ƙasan allo yana gargaɗi. Na tashi na je teburin gaba in roƙi ƙarin lokaci. Mutum biyu ne a gabana, ɗaya yana rigima kan tarar littafin da ya makara da shi. Kafin in juyo, allon ya koma shuɗi, ya nuna shafin shiga. Ban ma damu ba. Na ce ai na adana. Aka sake buɗe min, na duba, wayam. Babu CV, babu wasiƙa, ko inuwarsu. Na buɗe kwandon shara na kwamfutar, fanko. Na shiga jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan, kamar ba a taɓa zama a kujerar ba.

Saurayin da ke teburin ya zo ya leƙa, bai ko taɓa linzamin ba, ya ce, "Ai Baba, in lokaci ya ƙare komai gogewa yake. Ba ka sa a filash ba?" Yadda ya faɗe shi ne ya ƙona min rai, kamar yana gaya min cewa wuta tana da zafi. Na ce masa, "Ɗana, a ina aka rubuta?" Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya nuna min wata takarda da aka manna a bayan ƙofa, wadda idan ƙofar tana buɗe, kuma kullum a buɗe take, babu mahaluƙin da zai gan ta. Na tsaya ina kallonsa. Ƙarfe uku da rabi. Kwamfutocin duk sun cika da yara 'yan makaranta da suka taso. Na yi ƙoƙarin haɗa wani abu a waya, hannuna yana rawa, ƙarfe biyar ta buga ina shafi na uku. Aikin nan ya wuce ni ina ji ina gani.

Daga baya na fahimci dalilin, kuma in faɗi gaskiya dalili ne mai kyau. Kwamfutocin jama'a ana sa musu manhajar da ke mayar da su yadda suke tun farko da zarar mutum ya fita, don kada wanda zai zauna bayanka ya tarar da imel ɗinka a buɗe, ko kalmar sirrinka, ko hoton katin shaidarka. Ni ma ba zan so baƙo ya karanta takarduna ba. To amma sanin dalili bai dawo min da awa biyu ba. Jimla ɗaya tak ake buƙata daga bakin wanda ya miƙo min lambar kwamfuta. Jimla ɗaya.

Na yi rantsuwa ba zan sake taka wurin ba. Kwana huɗu rantsuwar ta yi, don wanda ba shi da rijiya ba ya fushi da rafi.

Ranar da na koma wata mata na tarar a teburin, dattijuwa, gilashinta rataye da igiya a wuya. Na fara zuba mata ƙorafi tun kafin in gama gaisuwa. Ta bar ni na gama tas, ba ta kare kowa ba, sai ta ce, "Malam, an yi maka ba daidai ba. Zauna mu sake, amma wannan karon ba a kan kwamfutarmu za ka ajiye ba." Ta sa na buɗe Google Docs da imel ɗina, ta nuna min yadda yake adana kowane harafi da kansa, ko an ɗauke wuta, ko lokaci ya ƙare, kuma zan iya buɗe shi a wayata. Abin da bai fi minti uku ba.

Sannan ta ce in sake gina CV ɗin yadda na yi wancan. Na yi, ina alfahari: ginshiƙi biyu, hotona a sama, akwatuna masu launi, da wasu 'yan sanduna da ke nuna ƙwarewata. Ta kalla ta yi shiru. Sai ta ce in kwafe komai in zuba a Notepad, manhajar da ke nuna rubutu zalla ba ado. Da na zuba, na ga abin kunya. Sunan makarantata ya shige tsakiyar bayanin aikina, lambar wayata ta koma can ƙasa, sandunan nan sun ɓace gaba ɗaya. Ta ce kusan haka na'ura za ta iya ganinsa, domin manyan kamfanoni da yawa suna amfani da manhajar tace takardun masu neman aiki, wadda ke zare rubutun ta zuba shi a rumbunsu, ma'aikacin ɗaukar aiki kuma ya yi bincike da kalmomin da ke cikin tallar. Idan talla ta ce "kula da ƙididdigar kaya" ni kuma na rubuta "aikin sito", zai iya nema bai same ni ba. Wato wanda kwamfuta ta haɗiye ɗin ma, da wuya ya kai ni ko'ina. Ban ji daɗin jin haka ba, amma na haɗiye.

Abin da ya fi tsaya min shi ne tambayar da ta yi. Na rubuta "mai gaskiya da riƙon amana". Ta ce, "Kowa haka yake rubutawa. Kaya iri nawa ne a hannunka? Mutum nawa ke ƙarƙashinka? Sau nawa ake ƙidaya a shekara?" Na fara lissafi da yatsu. Ashe mutum shida nake shugabanta, ashe ni na canja tsarin jera kaya har aka daina asarar waɗanda wa'adinsu ke ƙarewa a lungu. Shekara 11 ina ɗauka ni mai riƙe makulli ne kawai. Ta ce irin wannan labarin zan riƙa bayarwa a intabiyu: halin da aka shiga, abin da aka ɗora min, matakin da na ɗauka, da abin da ya haifar. A ranar, da an ba ni takardar sharhi, tauraro biyar zan cike.

Ita ce kuma ta gaya min cewa katin laburaren nan da ke aljihuna yana buɗe LinkedIn Learning, dandalin darussan bidiyo a intanet, ba tare da na yi rajistar kaina ba. Wasu za su tuna shi da tsohon sunansa, Lynda.com, kafin LinkedIn ya saye shi a 2015. A nan na koyi Excel na gaske, manhajar lissafi da tsara bayanai, daga VLOOKUP mai zaƙulo bayani a jeri zuwa teburin taƙaita bayanai, ina sa abin kunne ina tsayar da bidiyo ina gwadawa. Takardar da ake bayarwa a ƙarshe shaidar kammalawa ce kawai, kada wani ya ɗauke ta digiri, amma hannuna ya faɗa, kuma shi nake nema. Haushin da na ji shi ne wata guda na yi ina zirga-zirga a wurin babu wanda ya ambata min. Abu mafi daraja da suke da shi, sun ɓoye shi a shafi na uku na gidan yanarsu kamar kayan sata.

Kun ga ƙorafin ya dawo ko? To bari in ƙarasa. Kantar littattafan neman aiki tana lamba 650.14, bisa tsarin Dewey na jera littattafai da ɗakunan karatu ke bi tun 1876, kuma wasu littattafan wurin sai ka rantse tare da tsarin aka sayo su. Na ɗauko ɗaya yana koya min yadda zan aika takarda ta fakis. A sashen 005 na sami littafin Excel 2003, wanda hotunansa ba su yi kama da komai a allon gabana ba, tunda tun daga 2007 aka sauya fasalin maɓallan gaba ɗaya. Na yi rabin awa ina neman wani maɓalli da ya rasu tun ina saurayi. Ba na cewa a zubar da su, amma a raba su da sababbi, don wanda ya zo sauya sana'a bai san tsoho da sabo ba, shi ya sa ma ya zo.

Sai ƙaramin ɗakin da ake kamawa don intabiyu ta bidiyo. Tunanin ya yi kyau ƙwarai, akwai ƙofa, akwai haske, bango fari. Na kama shi tun kwana biyu kafin ranar. Ina tsakiyar amsa tambaya kan dalilin barina tsohon aiki, wani ya ƙwanƙwasa, ya turo kai, ya ce shi ma an rubuta masa wannan lokacin. A littafi biyu daban suke rubutawa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Na yi murmushin dole ga kyamara, gumi yana bin bayana. Ba su kira ni ba. Ba zan ɗora wa ɗakin laifin duka ba, amma bai taimaka ba.

Taimakon da ke wurin ya dogara ne ga wanda ka tarar. Dattijuwar nan Laraba da Asabar kawai take zama a teburin gaba. Sauran ranaku sa'arka ce. Har na haddace jadawalinta kamar mai bin bashi, in na leƙa ban hango igiyar gilashin nan ba sai in wuce kai tsaye wurin kwamfuta ba tare da tambayar kowa komai ba.

Tauraro uku na bayar. Biyu nata ne, ɗaya na katin. Ina da intabiyu na biyu mako mai zuwa da wani kamfanin jigilar kaya, da CV mai ginshiƙi ɗaya, babu hoto, babu launi.

Makon jiya na rubuta da babban alƙalami a wata takarda, "Komai yana gogewa idan lokacinka ya ƙare, tura wa kanka ta imel", na manna a gefen allon kwamfuta mai lamba bakwai. Jiya na duba an cire. Saurayin nan ya ce ba a yarda a manna komai ba sai da izinin ofis. Tasu takardar tana nan a bayan ƙofa.