Sharhi: Faifan Masu Shan Jini na Gerardo de León

Abin da ya sa na sayi wannan faifan na Blu-ray fina-finai biyu ne na ƙasar Filifin, duka na darakta Gerardo de León: Kulay Dugo ang Gabi na 1964, wanda kamfanin Hemisphere Pictures ya kai Amurka da sunan The Blood Drinkers, da kuma Ibulong Mo sa Hangin na 1966, wato Curse of the Vampires. Kuɗina bai tafi a banza ba, amma na farkon ne ya biya kusan duka.

Labarinsa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Dakta Marco, mai shan jini, ya zo wani ƙauye don ya ceto masoyiyarsa Katrina da ke bakin mutuwa, kuma maganin shi ne a ciro zuciyar tagwaininta Charito a dasa mata. Amalia Fuentes ce ta fito a matsayin 'yan biyun. Ronald Remy shi ne Marco: kai a aske ƙwal, doguwar alkyabba baƙa, ga baƙin tabarau da tsakar dare. Yana da masu yi masa hidima, wada da mai ƙusumbi, da jemage mai suna Basra. Jemagen nan na roba ne, ko yaro ya gani ya sani, kuma duk fitowarsa sai na yi dariya.

Launi ne ya riƙe ni. A wancan lokacin fim mai launi yana da tsada ƙwarai a Filifin, saboda haka wani ɓangare kawai aka ɗauka da cikakken launi, saura aka ɗauka baƙi-da-fari sannan aka rina shi, wani wuri ja, wani wuri shuɗi. Da wani darakta ne, da sai ya yi ta ɓoye wannan gazawa. De León kuwa ya mai da ita harshen fim ɗin. Shuɗi na dare ne da zaman ɗar-ɗar. Ja yana zuwa idan mugun abu ya kusanto ko ƙishin jini ya motsa. Cikakken launi kuma na rayuwar talakawan ƙauye ne, da 'yan lokutan da Marco da Katrina suke samun sauƙi kamar su koma mutane. Kafin a yi nisa ido ya riga ya koyi dokar, har gabana ya fara faɗuwa da zarar allon ya yi ja, tun ban ga kowa ba. Ga hazo da ke bin ƙasa a maƙabarta, ga kamara da ake girkewa can ƙasa ta ɗago fuskar Marco sama. Kamar tsohuwar atamfa ce da ta sha wanki, launin ya zuba wuri-wuri amma zanen na nan daram.

Na biyun an ɗauke shi da launi daga farko har ƙarshe, kuma abin mamaki sai ya fi sanyi a ido. Labarinsa dai ya fi nauyi. Gidan masu gonaki ne a zamanin mulkin Sifaniya, inda uba ya ɗaure matarsa da sarƙa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa saboda ta zama mai shan jini, ya ce wa 'ya'yansa ta rasu. Mary Walter ce uwar, kuma kukanta a cikin sarƙa ya fi duk wani haƙori ban tsoro. Eddie Garcia ne ɗan da ta ciza. Fuentes ta sake fitowa, tare da Romeo Vasquez, kuma da wannan rawar ta ci kyautar gwarzuwar jaruma ta FAMAS, wato kyaututtukan fina-finan ƙasar Filifin. Fitilu ja da shunayya a bangon dutse sun yi kyau, sai dai an shafa wa masu fitowa a matsayin barorin gida baƙin fenti a fuska, abin da ya ɓata mini rai sosai.

Mutanen Filifin suna da nasu dodannin, irin su aswang da manananggal mai rabewa biyu ta tashi sama da dare. De León bai ɗauke su ba, ya ɗauko mai alkyabba irin na Turai ya jefa shi cikin ƙasar da Sifaniya ta mulka sama da shekara 300 ta bar mata ɗarikar Katolika. Shi ya sa gicciye da limamin coci da jerin gwanon masu addu'a ba ado ba ne a nan. Mutanen cikin fim ɗin da gaske suke riƙe da su.

Game da faifan kansa, an gyara hoton gwargwadon hali, amma akwai ƙarce da wuraren da suka dusashe. Muryoyin Turancin da aka ɗora tun wancan zamani ba sa bin leɓe, wani lokaci har su kashe wurin da ya kamata ya taɓa zuciya. Wanda ke neman a razana shi kowane minti zai yi hamma. Wanda ke son ganin yadda De León, likitan da ya koma harkar fim, wanda ƙasarsa ta ba shi lambar Gwanin Fasaha na Ƙasa a 1982 bayan rasuwarsa, ya sarrafa ƙaramin jari, to ya fara da na 1964, ya kashe fitilar ɗaki.