Winchester Model 70 ta kafin 1964: a ƙawata ta ko a bar ta yadda take?

Bindigar farauta ce da kamfanin Winchester ya fara ƙerawa a 1936 a New Haven ta Amurka, kuma ƙirar farko ta tsaya a 1963. Darajarta tana cikin sakatar, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi: doguwar ƙugiya irin ta bindigar Mauser ta Jamus ke cafke harsashi tun daga ɗagowarsa har a zare kwanso, shi ya sa da wuya ta cije. A 1964 aka cire ƙugiyar don rage kuɗin ƙira. Aibin ƙirar farkon nauyi, kuma farantin ƙarfen da ke gindin ƙotar yana dukan kafaɗa, musamman a mai cin harsashi samfurin .30-06.

Nan ake tafka ɓarna. Maƙeri ya datse ƙotar katakon walnut ya liƙa roba don rage dukan, wanda ba ya gyaruwa. Wani ya huda bayan gidan sakata don ɗora madubin hange, alhali na kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba su zo da wannan huda ba. Sake rina ƙarfen ma asara ce: gugar injin tana cinye kaifin gefuna, rubutun hancin ya dushe, masani kuwa kallo ɗaya zai gane.

Idan lambar da ke ƙasan sakata ta dace da ta jikin bindigar, kada a taɓa komai. A goge ƙarfen da ɗan mai kaɗan, a jingine ta baki ƙasa don kada man ya tsiyaye ya ruɓar da katako. Mai son roba ya sayi wata ƙota daban, ya adana ta asali. Wadda aka riga aka huda kuwa, a gyara ta yadda ake so.